Yadda Ake Haɗa Gadon Kishingiɗa: Daga Sayen Katifa Zuwa Ɗinkin Matasai

Tambayar ta yi yawa, har na ga gara in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya. Duk wanda ya shigo shigifarmu a unguwar Birni ta Damagaram ya zauna a kan gadon nan na jikin bango, sai ya shafa shi ya ce, "Wai wannan kujera ce ko gado?" Duka biyun ne. Da hantsi mutum uku su zauna a kai su sha shayi, bayan azahar mai gida ya kishingiɗa, da dare baƙo ya kwana. Wasu kafintocinmu in ka ce musu "diban" za su gane, ni kuwa gadon kishingiɗa nake ce masa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin karagar da sarakuna ke zama a kai ƴar'uwarsa ce, haka ma gadon karan da kakanninmu ke fitarwa ƙarƙashin rumfa in zafi ya tsananta.

Namu asalinsa gadon auren mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, irin na ƙarfe mai rumfa. Ya daɗe jingine a bayan ɗakin girki yana shan ruwa da rana kafin in tashe shi. Daga baya na sa aka yi mini wani sabo na katako don zaure, kuma a kansa na koyi yawancin kurakuran da zan ambata. Ga matakan bi da bi.

1. Fara da wurin, da aikin da zai yi

Tsaya a ɗakin ka tambayi kanka: zama ya fi yawa ko kwana? In baƙi ne za su riƙa kwana, kamar ƴan'uwan da ke zuwa daga Mirya ko Magarya cin kasuwar Alhamis, ko ɗaliban jami'a da ke sauka wurinka, to kana buƙatar cikakken faɗin gado. In na hutun rana ne kawai a baranda, siriri ya isa.

Auna bangon da mita, kada ka auna da kamu ko taƙi. Gadon yana son bango mai tsawon mita 2 da ɗan ɗori, sannan a bar aƙalla santimita 70 a gabansa don wucewa. In kana son irin mai ƙaramin gado a ƙarƙashi wanda ake jawowa da dare, sai ka bar mita ɗaya cur a gaba.

Gargaɗi: auna ƙofa da lungun zaure. Gidajen Birni da Zango na da, ƙofofinsu gajeru ne, zaurukan kuma a karkace suke. Gadon da aka yi wa walda gaba ɗaya yana iya tsayawa a ƙofar gida ya ƙi shiga.

2. Sayi katifa kafin komai

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma yake ɓata aikin. Mutum zai je wurin kafinta a yi gado mai kyau, sannan ya shiga Kasuwar Dole neman katifar da za ta shiga, ya tarar babu. Ƙarshenta a yanka soso da wuƙa, ko a bar rami a gefe inda yara ke cusa ƙafa. Katifa ake fara saye, a kanta ake gina gadon.

Katifar mutum ɗaya a awon Faransa santimita 90 ce a faɗi, 190 a tsawo. Waɗanda ke shigowa daga Kano kuwa da ƙafa ake auna su, ƙafa 3 da ƙafa 6, wanda ya kama wajen santimita 91 da 183. Ka ga bambancin tsawon ya kai santimita 7. Don haka kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa, sa mita ka auna wadda ka saya.

Ƙarfin soson ya fi kaurinsa muhimmanci. Katifar da ake kwana kawai nauyin jiki yana bazuwa a kanta, amma wadda ake zama, wuri ɗaya ne ke ɗaukar nauyin kullum, bakin gaba da tsakiya. Soso mai laushi ba zai daɗe ba zai lotsa. Nemi mai nauyi, wanda lambar nauyinsa ta kai 30 ko ta wuce, in an rubuta a jiki. In ba a rubuta ba, ɗaga katifu biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi ita ce ta ƙwarai. Sannan ka durƙusa a kanta da gwiwa ɗaya: in ka ji ƙasa, bar ta. Kaurin santimita 15 ya yi daidai. Mai 25 ko 30 tana da daɗin kwana, amma za ta ɗaga zaman har ƙafafun tsofaffi su riƙa lilo.

Katifar auduga ta masu ɗinkin gargajiya ma tana yi, ta kuma fi soso sanyi a watan Afrilu. Aibinta dunƙulewa, sai an riƙa shanya ta ana bugawa.

3. Fitar da awo a takarda

Ga awon da ya yi mini aiki, a kan katifa mai 90 da 190 da kaurin 15:

- Cikin firam: ƙara santimita 2 a kowane awo, wato 92 da 192, don zanen gado ya samu wurin shiga.
- Daga ƙasa zuwa inda katifa za ta kwanta: santimita 30. In an ɗora katifa zaman ya zama 45, tsayin kujera ke nan.
- Majinginar baya: santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa.
- Hannuwa biyu na gefe: 65 zuwa 70 daga ƙasa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ka fahimta tun yanzu. Zurfin zaman kujera mai daɗi bai wuce santimita 55 zuwa 60 ba, katifarka kuwa 90 ce. In ka zauna a baki bayanka ba zai kai majingina ba, in ka matsa baya ƙafafunka su miƙe kamar na yaro. Santimita 30 ɗin da suka rage, matasai ne za su cike su. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, gado kawai ya ajiye a falo.

4. Tsoho za ka tasa, ko sabo za a yi?

Masu cinikin tsofaffin kaya a Turai sun kasa su uku: abin da ya kai shekara 100, abin da ya wuce shekara 20 amma bai kai 100 ba, sai na zamani. Kashin farko ba ya samuwa da sauƙi a nan. Damagaram ce hedikwatar Nijar har zuwa 1926, don haka kayan wancan zamanin yanzu ne suke cika ƙarni. In wani ya nuna maka gado ya ce daga gidan gwamnan Nasara ya fito, kada ka biya kuɗin labari, biya kuɗin abin da idonka ya gani. In kuma ka gaji wani abu da ka tabbata tsohon gaske ne, karaga mai sassaƙa ko gado mai adon tagulla, kada ka yanka shi, kada ka shafe shi da fenti. Goge shi, gyara inda ya saki, ka ɗinka katifa daidai da shi. Yankan da aka yi ba ya komawa.

Kashi na biyu shi ne arzikinmu. Gadajen ƙarfe na amaren da, gadajen makarantun kwana, da na ofisoshi da ake gwanjonsu, suna nan birjik a bayan ɗakuna da wurin ƴan gwangwan. Ƙarfensu ya fi na yanzu kauri nesa ba kusa ba. Ni a ganina, in ka samu irin wannan da lafiyarsa, babu sabon da zai kama ƙafarsa.

Na zamani kuwa iri biyu ne: wanda za a ƙera maka a gari, da wanda ake shigowa da shi a kwali. Na kwalin yawanci garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. Yana da kyau a ido, amma da ruwan wanke ɗaki ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura, in kuma aka kwance shi sau biyu ramukan noti su sake. Ba na ba kowa shawarar sa.

In sabo za a yi, nuna wa mai aikin hoto, kada ka tsaya kwatance da baki. Sunayen da za ka nema a waya su ne *méridienne*, mai majingina da ke gangarowa daga gefe ɗaya. *Récamier*, mai kai biyu a lanƙwashe ba majinginar baya. Da kuma gadon Barcelona da Mies van der Rohe ya tsara a 1930, wanda shimfiɗa ce kawai ta fata da dogon matashi ɗaya. Wannan na ƙarshen ya dace da garin da ke da dukawa irin namu. Amma don amfanin gida mai yara da baƙi, mai majingina ta gefe uku ya fi.

5. Duba tsohon gado kafin ka biya

Je da rana, ka tafi da ƙusa doguwa da fitilar waya.

In na ƙarfe ne, kife shi ka duba ƙafafu, domin nan ruwa ke taruwa. Daddanna inda ya yi tsatsa da bakin ƙusa. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma in ƙusa ta huda, wannan sandar ta mutu, sai an canza. Duba mahaɗan kusurwa inda sandunan gefe ke shiga, su ne ke tsagewa. Kada ragar waya da ta zube ta hana ka saye, dama cire ta za a yi.

In na katako ne, ƙwanƙwasa ko'ina da bayan ƙusar. Katakon da gara ta ci daga ciki ƙararsa kamar ta ƙwarya take, ko da samansa lafiya lau. Ƙananan ramuka kamar na allura aikin ƙwaron katako ne. Don sanin ko yana nan da rai, shimfiɗa takarda a ƙarƙashi a kwana, in da safe ka ga gari ya zubo to yana ciki. Sannan kama kai ɗaya ka girgiza: ɗan motsi a mahaɗa gam zai gyara, amma karayar doguwar sandar gefe babban aiki ne.

Gargaɗi: haska fitila cikin kowane lungu. Baƙaƙen ɗigo kamar na tawada alamar kuɗin cizo ne. Tsohuwar katifar da ta zo da gadon kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar ta can.

6. Kashe ƙwari kafin ya shiga ɗaki

Ko ba ka ga komai ba, ɗauka akwai. Kwance gadon a tsakar gida. Na ƙarfe, tafasa ruwa ka kwarara a duk mahaɗa da cikin bututun, ka bar shi ya bushe a rana. Na san ruwa abin tattali ne a garin nan, amma tukunya ɗaya ta isa in ka bi lungunan da buta. Na katako ba ya son ruwan zafi. Naɗe shi cikin baƙar leda mai kauri, ka ɗaure, ka ajiye a tsakiyar rana kwana uku kana juyawa. Kuɗin cizo da ƙwansa ba sa jure zafin da ya haura digiri 50, kuma ranar bazararmu cikin baƙar leda tana kai wa nan. A hunturu wannan dabarar ba ta da tabbas.

Ramukan ƙwaron katako kuma, sayi maganinsu a shagon kayan gini, ka ɗura da sirinji rami bayan rami, ka bar shi a waje har wari ya fita.

Gargaɗi mai girma: kada ka zuba fiya-fiya a gadon da mutum zai kwana, kada kuma ka sa ƙwayar maganin da ake ajiye wake da hatsi da ita a cikin ɗaki. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, yara sun fi saurin kamuwa.

7. Kankare tsatsa da tsohon fenti

Kayan aiki: buroshin waya, sanfefa mai kaushi lamba 80 da mai laushi lamba 180, tsumma, fentin ƙasa mai hana tsatsa, fentin mai, buroshin fenti, da abin rufe hanci.

Fara da buroshin waya ka kakkaɓe duk abin da ya ɓamɓaro. Bi da sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Ba dole sai ƙarfe ya fito fari tas ko'ina ba, fentin da ya kama gam bar shi, ka dai goge ƙyallinsa don sabon ya samu abin kamawa. Notin da suka ƙi kwancewa, jiƙa su da mai su kwana. Goge ƙura da tsumma, ka shafa fentin hana tsatsa a ranar, kada ka bar ƙarfe tsirara ya kwana, musamman da damina. Bayan ya bushe sai fenti hawa biyu marasa kauri, da kwana ɗaya a tsakani. Hawa ɗaya mai kauri zubowa yake yi, ya kuma daɗe yana danƙo.

Gargaɗi: tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a cikinsu, har da jan fentin nan na hana tsatsa na da. Ƙurarta guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai raina wannan ba. Don haka jiƙa sanfefar da ruwa kana gogewa don kada ƙura ta tashi, yi aikin nesa da wurin girki, shimfiɗa buhu ya tare abin da ke zuba, mai ciki da yara su nisanci wurin. Kada ka ƙone fentin da wuta.

Yi fenti da sassafe a inuwa. Ranar da hazo ya sauko ka haƙura, ƙura za ta manne ta bar shi kamar bayan guza.

Na katako, goge shi da sanfefa kana bin tsawon jijiyar itacen, kada ka gitta. Mahaɗan da suka saki, kankare tsohon gam, sa sabo, ka ɗaure da igiya ko robar taya ya kwana. Sannan verni, wato man da ke sa katako ƙyalli, hawa biyu.

8. Wurin mai walda ko kafinta

A zahiri wannan aikin yana zuwa kafin fenti in har za a yi yanka ko walda, don wuta za ta ƙone abin da ka shafa. Tsarin shi ne: kashe ƙwari, kankarewa, walda, sannan fenti.

Gadon amare na da yawanci ya fi mutum ɗaya faɗi, kuma dogo ne ƙwarai a tsaye. Abin da za ka ce wa mai walda: ya sauke sandunan rumfar, ya rage faɗin zuwa awon katifarka, ya rage ƙafafu har shimfiɗar ta dawo santimita 30, sannan ya yi majinginar baya da ƙarfen rumfar da ya cire. Haka aka yi wa namu, ba mu sayi ƙarfe ko ɗaya ba. Ka ce masa majinginar da noti za a ɗaure ta, ba walda ba, saboda ranar ƙaura. Kada ka zubar da adon kan sandunan, a mayar da su kan hannuwa.

In sabon na ƙarfe ne, nemi bututu mai kusurwa huɗu 40 da 40, kaurin jikinsa milimita 1.5 ko fiye. Sanda uku masu tsawon wajen mita 6 suna isa firam da ƙafafu da majingina. Je ka ga ƙarfen da idonka kafin a yanka, domin da siriri da mai kauri duk kama ɗaya suke in an yi fenti. A sa ƙafa ta biyar a tsakiyar sandar gaba ko a ninka sandar, tunda nan mutum uku za su zauna. A goge duk tabon walda, in ba haka ba zai yage katifa da rigar baƙo.

In na katako ne, jan katako za ka nema don firam da ƙafafu. Farin katako yana da araha da sauƙin aiki, amma shi ne abincin gara. Maɗaci in ya samu, ya bushe, madalla. A nan ne na yi asara. Na ba da aikin gadon zaure a tsakiyar damina, kafintan ya yi da katakon da bai bushe ba, ni kuma ban duba ba. Da hunturu ya shigo itacen ya tsuke, mahaɗai suka buɗe, sandar baya ta tsage daga kai har tsakiya. Sai da aka sake rabin aikin. Katakon da ke zuwa mana daga kudu da danshinsa yake zuwa, iskarmu kuwa busasshiya ce. Sayi katakon da kanka, ka jera shi a inuwa da ƴan sanduna a tsakani ya sha iska makonni, ko ka ba da aikin a tsakiyar rani. Ka kuma dage a yi mahaɗa ta huda da saƙawa da gam da noti. Gadon da ƙusa kaɗai ta riƙe, kuka zai fara tun bai shekara ba.

Gargaɗi: in majingina ko hannuwa na sanduna ne a jere, kada tazarar ta wuce santimita 6. Yaro yana iya zura jiki kansa ya maƙale.

9. Abin da katifa za ta kwanta a kai

Falankai a jere sun fi faifan katako guda. Katifa tana buƙatar iska ta ƙasa, in ba haka ba gumin bazara zai taru ta yi wari. Falanki mai faɗin santimita 7 da kaurin 2, da tazarar 6 a tsakani, guda 15 za su cika tsawon. A ɗaure na farko da na ƙarshe da na tsakiya da noti, sauran a haɗa su da ɗamara don kada su zame. Shimfiɗa tabarmar kaba a kai kafin katifa, tana hana falankan cin soso.

Ƙarƙashin kuma kada ya tafi a banza. Ko dai akwatuna biyu masu taya don zannuwa da sange da bargon hunturu, ko ƙaramin gado mai taya. In ƙaramin gadon ne, sararin da ke ƙasa wajen santimita 26 ne, don haka katifarsa kada ta wuce kaurin 12, kuma ta gaza ta sama tsawo da kamar santimita 10 don ta wuce tsakanin ƙafafu. A daɓen ƙasa ko yashi taya ba ta tafiya, sai siminti ko tayil.

10. Riga da matasai

Nan ne gado ke zama kujera. In ka shimfiɗa zanen gado ka ajiye filo biyu, duk wanda ya shigo zai ji kamar ya faɗo ɗakin kwanan mutane, surukai ma ba za su zauna ba. Katifar tana son riga ɗinkakkiya da ta kama ta tsam, mai zif a dogon gefen baya don a cire a wanke. Yadi mai kauri mai faɗin santimita 150, mita huɗu da rabi ya isa rigar, a ƙara wajen mita uku don matasai. Wanke yadin kafin a yanka, domin auduga tana tsukewa. Ka ɗinka riga biyu in da hali. Kauce wa fari da baƙi, dukansu suna tona ƙura. Kalar ƙasa, ja mai duhu, shuɗin rini, ko mai zane sun fi rufa asiri. Ledar kujera mai kama da fata kuwa, a zafinmu tana manne wa jiki, ta kuma tsattsage.

Matasan baya guda uku, kowanne faɗin santimita 63, tsayi 45, kauri 25 zuwa 30. A yanka su daga soso mai ƙarfi, zai fi kyau in ƙasan ya fi saman kauri don baya ya ɗan kwanta. Rimi da auduga suna da daɗi, amma a matashin baya zubewa suke, ka bar su don ƙanana. Sai dogayen matasai biyu masu kamar gammo a miƙe, ɗaya kowane hannu, don dogara gwiwar hannu. Waɗannan ka kai wa dukawa su yi maka da jar fata, ba za ka yi nadama ba. Shinshina fatar kafin ka karɓa, wadda ba ta jemu da kyau ba warinta yana tashi da damina. In kana da luru ko gwado na gado, ninke shi a gefe ɗaya: ado ne da rana, mayafi da dare.

Gargaɗi: kada a kwantar da jariri a tsakanin waɗannan matasan a tafi aiki. Fuskarsa tana iya nutsewa, ko ya gangara tsakanin katifa da majingina.

11. Lissafin kuɗi

Farashin ƙarfe da katako da soso yana bin canjin naira da sefa da halin da iyakar Najeriya take ciki, kamar yadda kowa ya gani bayan rufe ta a 2023. Don haka rubuta jerin nan ka zaga kasuwa da shi a mako ɗaya: katifa, sosan matasai, yadi da zif, ɗinki, ƙarfe ko katako, falankai, noti, fenti da sanfefa, kuɗin hannu, da kuɗin ɗauko a amalanke ko adaidaita.

A nawa, katifa da matasai da yadi sun kusa cinye rabin abin da na kashe, kuma wannan ne mutane ke mantawa. Sai su zuba kuɗinsu duka a sassaƙar katako, su dawo su sayi soso mafi araha. In aljihu ya matse, rage ado, bar akwatunan ƙasa sai baɗi, amma kada ka rage ƙarfin katifa ko kaurin ƙarfe don jika biyu ko uku.

Tambayi masu aiki uku. Raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Kuɗin hannun ka ba da rabi, sauran sai ka zauna a kan gadon a shagon, da katifarka a kai, ka girgiza ka ji. Ka bar masa kwafin takardar awo, ka riƙe ɗaya. Kuma kada ka kai aiki ana saura mako biyu Salla, daga tela har kafinta ba wanda zai kalle ka da natsuwa.

12. Girkawa da kulawa

Kada ka manna shi da bango, musamman na ƙasa. Bar tazarar tafin hannu, domin gara ta bango take hawowa. Ƙafafun katako a sa musu takalmin roba ko a ɗora su kan guntun tayil. Duk wata ka janye shi ka share, ka duba ko akwai hanyar gara a bango.

Tun wurin mai walda ka sa a liƙa ƙananan bututu huɗu a kusurwoyi, inda za a soka sandunan sange da dare a zare da safe. Baƙon da ya kwana a falo da damina ba sange, zazzaɓi ka ba shi guzuri.

Juya katifar duk bayan mako biyu, gaba ya koma baya, sama ya koma ƙasa, tunda bakin gaba ne ke shan zama. Soso ba ya son rana mai zafi, yana rugurgujewa, a shanya shi da safe a ɗauke kafin hantsi ya yi nisa. In gadon a baranda yake, a shigo da katifa da matasai da zarar hadari ya haɗo. Noti kuma a bi su da sifana sau biyu a shekara, farkon hunturu lokacin da katako ke tsukewa, da kuma bayan ruwan farko.